Kalmar Turanci "Metronomic": Tambayoyi da Amsoshi kan Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Masu sauraron sharhin ƙwallon ƙafa da Turanci, da ɗalibai masu shirin jarrabawa, da masu fassara labarai zuwa Hausa sukan ci karo da kalmar *metronomic*, kuma tambayoyin da suke yi a kanta kusan iri ɗaya ne. An tattara su a nan, an fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi, an kuma sa wa kowace lamba domin mai karatu ya iya komawa inda aka nuna masa.

1. Mece ce ma'anar kalmar *metronomic*?

Sifa ce da ake bai wa abin da yake maimaituwa a kan tazara ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri, har mai lura da shi ya iya faɗin lokacin da na gaba zai zo tun kafin ya zo. Wanda ya taɓa kwana kusa da famfon da bai rufu sosai ba ya san irin wannan yanayi, domin ɗigon ruwan yakan sauka a cikin bokiti da tazarar da ba ta canzawa, kunne kuma ya riƙa jiran kowane ɗigo a daidai lokacinsa.

Abubuwa uku ne suka haɗu a cikin kalmar: abin ya zama mai maimaituwa, tazarar da ke tsakanin kowane maimaici da mai bi masa ta zama ɗaya, sannan a iya dogara da shi cewa ba zai saɓa ba. Na biyun shi ne ƙashin bayan ma'anar, kuma shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa da shi, abin da ke sa su rikita ta da wasu kalmomin da aka yi bayani a tambaya ta 6 da ta 7.

2. Daga ina kalmar ta samo asali?

An gina ta ne daga sunan wata na'ura da ake kira *metronome*, aka ƙara mata ɗafa-ƙeyar *-ic* wadda Turanci ke amfani da ita wajen mai da suna sifa, kamar yadda *economy* ta haifi *economic*. Shi kuma sunan na'urar daga kalmomin Girkanci biyu aka ƙera shi: *metron*, wato awo, da *nomos*, wato doka ko ƙa'ida. Ma'anar asali ke nan ita ce abin da ke kafa wa awo doka. Ita wannan *metron* ita ce tushen kalmar mita da muke auna yadi da fili da ita, ita ce kuma tushen kalmar da Turawa ke kiran karin waƙa da ita, wanda malaman Larabci ke nazari a fannin aruli.

3. Wace irin na'ura ce wannan, kuma wa ya ƙirƙira ta?

Na'ura ce da masu koyon kiɗa ke ajiyewa a gabansu domin ta tsare musu saurin kiɗa. Irin ta dā ɗan akwatin katako ne mai siffar dala, a gabansa akwai siririn ƙarfe a tsaye wanda ke lilo dama da hagu, kowane lilo kuma yana ba da ƙara ɗaya. Ana ɗaure ta da makulli kamar agogon dā. A jikin ƙarfen akwai ɗan nauyi da ake iya matsarwa: idan aka ja shi sama lilon ya ragu, idan aka sauke shi ƙasa lilon ya ƙara sauri. A bayan ƙarfen an rubuta lambobi, galibi daga 40 zuwa 208, kowace lamba tana nufin yawan bugu a minti ɗaya. Idan aka tsayar da nauyin a kan 60 za a ji bugu ɗaya kowane sakan, idan a kan 120 ne za a ji biyu.

Wani maƙerin kayan kiɗa mazaunin Amsterdam mai suna Dietrich Nikolaus Winkel ne ya gano wannan tsari a 1814. Wani Bajamushe mai ƙere-ƙere, Johann Nepomuk Maelzel, ya ga aikin, ya ƙara masa jerin lambobin, ya yi masa rajista da sunansa a 1815, ya shiga ƙera shi a Paris, shi ya sa sunansa ne ya bi na'urar ba na Winkel ba. Har yau a saman takardun kiɗan Turawa akan ga haruffan M.M. tare da lamba, kuma harafin farko na Maelzel ne. Beethoven yana cikin manyan mawallafan kiɗa na farko da suka karɓe ta, domin a 1817 ya fitar da lambobin saurin da yake so a buga manyan ayyukansa da su. A yau yawancin masu koyo manhajar waya suke amfani da ita, amma hoton ƙarfen nan mai lilo shi ne yake zuwa zuciyar Bature idan ya ji kalmar.

4. Yaya ake furta ta?

Gaɓoɓi huɗu gare ta: me-tro-no-mic, kuma ƙarfin murya yana sauka a kan gaɓa ta uku. Wannan ya bambanta da sunan na'urar, inda ƙarfin yake a gaɓar farko, kuma wasalin ƙarshe dogo ne. Ƙa'ida ce da ta game yawancin sifofin da suka ƙare da *-ic* cewa ƙarfin murya yana komawa gaɓar da ke dab da ɗafa-ƙeyar, shi ya sa *economic* da *atomic* suke da irin wannan sauti. Bahaushe yakan so ya cusa wasali tsakanin *t* da *r*, kamar yadda muke yi wa kalmomin aro, kuma wannan ba ya hana a fahimce shi, amma sauya wurin ƙarfin murya yakan sa mai sauraro ya ɗan yi jim kafin ya gane.

5. Yaya ake saka ta a cikin jimla?

Ta fi yawan zuwa kafin suna, kuma akwai sunayen da ta saba tafiya da su: *regularity*, *precision*, *accuracy*, *consistency*, *rhythm* da *pace*. Ginin da aka fi ji shi ne wanda ke farawa da *with*, kamar a ce *The trains arrived with metronomic regularity*, ma'ana jiragen ƙasan suna isowa bi da bi a kan tazara ɗaya ba saɓani. Tana kuma iya zuwa bayan aikatau, kamar *His bowling was metronomic*, wato jifansa bai kauce wa tsari ɗaya ba.

Bayanau ɗinta shi ne *metronomically*, kamar a *She nodded metronomically*, wato ta riƙa gyaɗa kai a kai a kai kamar an ɗaure ta da makulli. Akwai wata sigar mai tsawo, *metronomical*, amma ba kasafai ake ganinta ba, kuma babu abin da mai koyo zai rasa idan ya bar ta. Marubuta masu kula sukan sa *almost* a gabanta idan ɗan Adam ake siffantawa, domin sun san babu mutumin da ya kai na'ura daidaito, kuma wannan ɗan sassauci yana ƙara wa jimlar gaskiya.

6. Shin ba ɗaya take da *punctual* ba?

Ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. *Punctual* tana nufin cika alkawarin lokaci: an ce ƙarfe tara, mutum ya zo ƙarfe tara. Tana iya shafar abin da ya faru sau ɗaya tak, kamar zuwa ɗaurin aure ko ganawar neman aiki. Ita kuwa *metronomic* ba ruwanta da alkawari ko agogon bango, abin da ta damu da shi shi ne tazarar da ke tsakanin maimaici da maimaici. Mai daka yana iya makara wajen fara aiki, amma idan ya ɗauki taɓarya saukarta ta zama a kan kari ɗaya, to dakansa ya cancanci wannan sifa ko da shi kansa ba mai kiyaye lokaci ba ne.

Saboda haka ba a cewa *He was metronomic for the meeting*. Taro ɗaya ba shi da maimaici, don haka babu tazarar da za a auna. Amma malamin da ya shekara ashirin yana shiga aji kowace safiya a daidai minti guda, ana iya ba shi sifofin biyu: *punctual* saboda kowace rana, *metronomic* saboda jerin ranakun gaba ɗaya.

7. To ina bambancinta da *regular*, *consistent* da *clockwork*?

*Regular* ita ce uwa, ta fi kowace faɗi, kuma tana haƙuri da ɗan bambanci: wanda ke zuwa kasuwa kusan kowane mako ya isa a kira zuwansa da ita. *Consistent* ta fi karkata ga inganci ko hali, wato abin da ba ya canza daraja, ko da ba a kan tazara ɗaya yake zuwa ba, kamar telan da ɗinkinsa kullum yake fita da kyau. *Metronomic* ta fi su duka tsanani, tana kuma ɗauke da hoton sauti da motsi wanda su ba su da shi.

*Clockwork* ita ce 'yar uwarta ta kusa. Asalin kalmar kayan cikin agogo ne, wato haƙoran ƙarfe da zaren da ake ɗaurewa, kuma ana amfani da ita kafin suna, kamar *clockwork precision*, ko a cikin furucin *like clockwork*. Bambancin shi ne *clockwork* takan nuna sassa da yawa da suka haɗu suka tafi yadda aka tsara, kamar bikin da kowane ɓangarensa ya gudana ba tangarɗa, alhali *metronomic* abu guda take kallo yana dawowa yana dawowa. Biki ɗaya yana iya tafiya *like clockwork*, amma ba zai zama *metronomic* ba, saboda dalilin da aka faɗa a tambaya ta 6.

8. Yabo ce ko zargi?

Tana iya zama kowanne, kuma abin da ake siffantawa ne yake raba gardama. Inda ake neman abin dogaro, kamar jigilar jiragen ƙasa, ko biyan albashi, ko bugun ɗan wasan da ba ya ɓarar da ƙwallo, yabo ce babba. Inda kuwa ake neman rai da motsin zuciya, takan koma suka. Idan mai sharhi ya ce wani mai piyano ya yi kiɗa *metronomic*, yawanci yana nufin ya buga komai daidai amma babu daɗi, domin a kiɗan Turawa akwai al'adar da ake kira *rubato*, kalmar Italiyanci mai nufin abin da aka sata, inda makaɗi ke ɗan jan wani wuri ya ɗan gaggauta wani domin kiɗan ya yi numfashi. Haka ma mai jawabin da muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, ko marubucin da jimlolinsa duka tsawonsu ɗaya.

A ganina wannan fuska biyu ita ce abin da ya fi cancantar a koya game da kalmar, domin mai fassarar da bai lura da ita ba zai iya mai da suka yabo ba tare da ya sani ba. Hanyar ganewa ita ce a duba kalmomin da ke kewaye da ita. Idan ta zo da *accuracy* ko *consistency* to yabo ne, idan kuwa ta zo kusa da *dull*, *lifeless* ko *mechanical* to ta kusanci *monotonous*, wadda kullum suka ce, ma'anarta abu mai gundura saboda rashin canji.

9. Me ya sa masu sharhin wasanni suke yawan faɗinta?

Domin wasanni cike suke da motsin da ake maimaitawa, kuma wanda ya iya maimaita shi ba kuskure shi ne ƙungiya ke jingina da shi. A ƙwallon ƙafa 'yan wasan tsakiya masu raba ƙwallo ake bai wa wannan sifa, irin su Xavi lokacin da yake wasa a Barcelona da Toni Kroos lokacin da yake wasa a Real Madrid, waɗanda aikinsu shi ne karɓa da miƙawa, karɓa da miƙawa, har saurin wasan duka ya koma hannunsu. Sau da yawa ma sunan na'urar ake laƙaba musu kai tsaye, a ce wane shi ne *metronome* na ƙungiyarsa. A wasan kurket kuwa sunan da ya fi manne wa kalmar shi ne Glenn McGrath na Ostareliya, wanda ya fitar da 'yan wasa 563 a manyan wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar, ba don ya fi kowa ƙarfin jifa ba, sai don yana sauke ƙwallo a wuri guda sau bayan sau har mai bugu ya gaji ya yi kuskure.

Misalin da ya fi fito da ma'anar a fili shi ne gudun da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi a Vienna ranar 12 ga Oktoba, 2019, inda ya gama kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40. Wannan yana nufin ya riƙa cinye kowace kilomita a kusan minti 2 da sakan 50 tun daga farko har ƙarshe, da wata mota a gabansa tana haska masa layin saurin a kan titi. Ba a ƙidaya gudun a matsayin tarihin duniya na hukuma ba saboda irin taimakon da aka tanadar masa, amma ta fuskar wannan kalma babu abin da ya rage: maimaici, tazara ɗaya, da rashin saɓani, kamar yadda aka jera a tambaya ta 1.

10. Na ga kalmar a rubutun likitoci game da cutar daji. Me take nufi a can?

A can ta zama sunan wata hanyar ba da magani, wadda ake kira *metronomic chemotherapy*. Hanyar da aka saba ita ce a ba majiyyaci magani mai ƙarfi gwargwadon abin da jikinsa zai iya ɗauka, sannan a dakata na wasu makonni, sau da yawa uku, domin ya farfaɗo. A wannan hanyar kuwa ana ba da kaɗan kaɗan a kai a kai, wani lokaci kowace rana ta baki, ba tare da dogon hutu ba, da nufin hana ciwon dajin samun sababbin jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Masanin cutar daji Douglas Hanahan da abokan aikinsa ne suka raɗa wa hanyar wannan suna a shekarar 2000.

A nan kalmar ba yabo ba ce ba kuma suka ba, bayanin jadawali ne kawai. Zaɓar wannan hanya ko waccan aikin likitan da ke duba majiyyaci ne, abin da ya shafe mu shi ne mai fassara ya gane cewa tazarar shan maganin ake nufi, ba ƙarfinsa ko sunansa ba.

11. Ana iya siffanta abubuwan halitta da ita, kamar bugun zuciya?

Ana yi, kuma marubuta suna son haɗa ta da bugun zuciya, da igiyar ruwa a bakin teku, da kukan gyare cikin dare. Sai dai game da zuciya akwai abin lura: likitoci sun tabbatar cewa zuciyar mai lafiya ba ta bugawa a kan tazara ɗaya cif, tana ɗan sauri idan an ja numfashi ta ɗan lafa idan an sake shi, kuma raguwar wannan bambanci ba alamar ƙoshin lafiya ba ce. Don haka a adabi kalmar ta dace da zuciya, amma a rubutun kimiyya sai an yi hattara. Inda na'urar kanta take shiga aikin zuciya shi ne wajen koyar da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, domin ana so a danna sau 100 zuwa 120 a minti, kuma masu horarwa sukan kunna ta don hannu ya bi.

A sararin sama kuwa akwai abin da ya cancanci sifar ba tare da wani sassauci ba. A 1967 Jocelyn Bell, tana ɗalibar bincike a Jami'ar Cambridge, ta gano wani saƙon rediyo da ke zuwa daga sama kowane sakan ɗaya da sulusi, daidai ƙwarai har aka fara tunanin ko ƙirar wasu halittu ne. Daga baya aka gane ragowar wani tauraro ne da ya dunƙule yana juyawa, haskensa yana share duniya a kowane zagaye. Irin waɗannan taurari su ake kira *pulsar*.

12. Yaya za a fassara ta zuwa Hausa?

Ba mu da kalma guda da ta ɗauke ta duka, kuma bai kamata a tilasta ƙirƙiro ta ba, tunda harshen yana da hanyoyinsa. Idan maimaicin ake son nunawa, "a kai a kai ba fashi" ta wadatar. Idan daidaiton tazara ne, sai a ce "a kan kari ɗaya" ko "ba gaggawa ba jinkiri". Idan yabon mutum ake yi, kirarin nan na "agogo sarkin aiki" yana kusa, ko da yake ya fi nuna rashin gajiya a kan daidaiton tazara, don haka ya fi dacewa da ma'aikaci a kan makaɗi. Idan kuwa suka ce, "kamar inji" ko "babu hawa babu sauka" sun fi isar da saƙon, bisa bambancin da aka yi a tambaya ta 8.

Hoton da na ga ya fi kusa da na'urar a rayuwar Bahaushe shi ne lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a gurbinta, domin wadda ta kuskure kari taɓaryarta za ta yi karo da ta 'yar uwarta. Mai fassarar labari ko waƙa zai iya cewa "kamar saukar taɓarya a lugude" mai karatu ya ji abin da Bature ke ji. Amma a fassarar takardar likita ko rahoton hukuma gara a tsaya ga bayani tsantsa, kamar "ƙaramin awo a kan tazara ɗaya ba tare da dogon hutu ba".

13. Tana da alaƙa da *metro* ko *metropolitan*?

Babu alaƙa, kamar sauti ce kawai. *Metropolitan* ta fito ne daga wasu kalmomin Girkanci daban masu nufin uwa da birni, wato uwar birane, kuma sunan jirgin ƙasan cikin birni na *metro* gajarta wannan ne. Ɗaliban adabi kuma su kula kada su rikita ta da *metonymic*, wadda ta shafi salon kiran abu da sunan wani abin da ke tare da shi, kamar a ce "fada ta yi magana" ana nufin sarki. Danginta na gaskiya su ne kalmomin awo irin su *metric* da *thermometer* ta ɓangaren *metron*, da *astronomy* da *economy* ta ɓangaren *nomos*, kamar yadda tushen da aka kawo a tambaya ta 2 ya nuna.

14. Ta dace da hirar yau da kullum, ko sai a rubutu?

Kalmar rubutu ce da sharhi: jarida, nazarin littafi ko kiɗa, rahoton wasanni, da maƙalar ilimi. A hira tsakanin abokai Bature zai fi cewa *like clockwork* ko *very regular*, kuma wanda ya saka *metronomic* a zancen sayen burodi za a ji kamar yana karanto takarda. Ga ɗalibin da ke rubuta insha'i a jarrabawa, tana ƙara wa rubutu armashi idan ta zauna a gurbinta, amma sau ɗaya ya isa a shafi guda, domin kalma ce mai nauyi da ido ke saurin kamawa. Kafin ya rubuta ta ya tambayi kansa ko abin da yake siffantawa yana maimaituwa, ko kuma tazararsa ɗaya ce. Idan amsar ɗayansu a'a ce, to *punctual* ko *consistent* yake nema, sai ya koma tambaya ta 6 da ta 7 ya zaɓi wadda ta dace.